Kwana Shidan da Na Ƙara wa Babanku

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ina roƙonku ku karanta shi a zaune. Maganar shekarar Ebola ce. Kun sha jin ta a bakin gwaggonku Dije, wadda ba ta barin taron suna ko na biki ya watse ba ta sako ta ba: wai ni na kai babanku ƙara likita, wai ni na riƙe hannun kakarku na hana ta taɓa ɗanta har ta koma ga Allah. Kun yi mini kara ba ku taɓa tambayata ba, amma ina ganin tambayar a idonku, musamman kai Abdu, da ba ka iya ɓoye komai ba tun kana goye. To, Dije ba ta yi ƙarya ba, abin da ta faɗa ya faru. Sai dai akwai abin da ba ta sani ba, kuma ya fi nata nauyi. Tunda babanku ya riga mu, ba wanda ya rage da zai gaya muku sai ni. Lokacin ba ɗayanku a gida. Babban yayanku, da bakina ba ya kama sunansa, yana Agadas wajen aikin gini, Rabi tana ɗakinta a Tanut, kai kuma Abdu kana lakkol, makarantar boko, a Damagaram.

Kun san duk shekara, da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, babanku da amininsa Laminu sukan ɗauki takalman fata da jakunkuna su tafi cirani ƙasar Gine, sai hadari ya fara haɗuwa a gabas su dawo shuka. Kun kuma san Inna, kakarku, ta makance tun kafin a yaye Abdu. Babanku ne na ƙarshen 'ya'yanta, don haka har furfura ta cika masa gemu Auta take ce masa. Duk ranar da ya dawo daga tafiya, kafin ya sha ruwa, sai ya shiga ɗakinta ya durƙusa. Ta kama kansa da hannu biyu, ta bi goshinsa da yatsu, ta bi idanu da kumatu har gemu, sannan ta yi masa tofi a ka. Sai ta gama wannan take yarda ya dawo. In yara sun shigo da gudu suna cewa ga Baba can a bakin kasuwa, sai ta ce ku kuka gan shi, ni wurina bai zo ba tukuna.

Ni kuwa a lokacin shekarata ta kai ashirin ina ungozoma, rabin samarin garinmu ni na yanke musu cibi. A bazarar nan aka tara mu ungozomomi a Belbeji aka yi mana bayanin wani ciwo da ya ɓulla ƙasashen bakin teku. Wanda ya yi bayanin shi ne majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar garinmu, Daniyel, wani Kirista ɗan wajen Maraɗi, siriri, mai maganar sanyi. Ya ce ciwon ba a iska yake tafiya ba. A jikin mara lafiya yake, a amansa da jininsa da tufafinsa, ya fi kuma kama masu wankan gawa. Ya ce duk wanda ya taɓa mai shi, sai a sa masa ido kwana ashirin da ɗaya, ana awon zafin jikinsa safe da yamma, in masassara ba ta taso ba ya tsira. Ba zan ɓoye muku ba, rabin bayanin gyangyaɗi na yi. A raina na ce ina ƙasarmu ta Damargu ina ciwon bakin teku, ban ko tuna inda mijina yake ba.

Wata Alhamis da la'asar ina surfe sai waya ta yi ƙara. Babanku ne, muryarsa a dushe.

"Ina Damagaram. Gobe zan biyo motar kasuwa."

"Sannu da hanya, Malam. Ina Laminu, ban ji muryarsa ba?"



"Laminu ya riga mu gidan gaskiya. Kwana uku ya yi yana amai da gudawa. Ni na yi jinyarsa, ni na wanke shi, ba wani namu a kusa. Yau kwana biyar. Kada ki gaya wa iyalinsa, da bakina zan kai musu, ga kayansa nan a hannuna."

Na ajiye taɓarya na zauna a ƙasa. Bayanin nan da na yi wa gyangyaɗi, sai ga shi ya dawo mini kaf, har muryar majo nake ji. Na san garinmu. Gobe da ya sauka, maza za su yi layi suna ba shi hannu, na sannu da zuwa da na ta'aziyya a haɗe. Matar Laminu za ta rungume kayan mijinta tana kuka. Inna za ta sa yatsunta a idonsa da bakinsa. Ni kuma da zan wanke masa tufafi, da hannun nan zan karɓi haihuwar duk wadda naƙuda ta kama a satin. Na so in sake kiransa mu yi shawara, amma na san shi, zai ce lafiyarsa lau, an auna shi a kan iyaka har sau biyu an sake shi, kuma in ya ce kada in je ba zan iya tsallake maganarsa ba. Don haka ban kira ba. Na yafa mayafi na tafi likita, surfen na nan a turmi kaji suka yi biki.

Washegari da hantsi muka tsaya a mararrabar da mota ke sauke mutane, ni da majo da mai gari. Babanku ya sauko, ya miƙa wa mai gari hannu, mai gari ya dafe ƙirjinsa da nasa hannun ya ja da baya. Sun yi shekara arba'in suna cin tuwo a kwano ɗaya. Babanku ya dubi majo da safar roba a hannu, ya juyo ya dube ni.

"Ke ce?"

"Ni ce, Malam."

Majo ya tsaya nesa kaɗan ya gaishe shi da ladabi, ya yi masa ta'aziyya, ya ajiye ma'aunin zafi a kan dutse ya ce ya sa a hammata. Jikinsa lafiya lau. Majo ya kwantar wa mutanen mota hankali, ya ce wanda masassara ba ta kama ba ba ya shafa wa kowa, amma duk da haka ya rubuta sunayensu. Sannan ya ƙirga a yatsu daga ranar wankan gawa, ya ce kwana shida sun tafi a hanya, saura goma sha biyar, ya rubuta a takardarsa.

To, ga inda Dije ba ta sani ba. Ina tsaye sai idona ya faɗa kan bargon da ke rataye a kafaɗar babanku. Na san bargon. Na Laminu ne, da ƙyalle kore a gefe inda matarsa ta yi masa faci, a tsakar gidana ta ɗinka shi muna hira. Majo bai lura ba, mai gari bai lura ba, majo har ya rufe takarda. Da na yi shiru ba wanda zai taɓa sani. Wallahi na so in yi shiru, har na cije leɓe. Sai na ji bakina yana cewa, "Majo, bargon nan na mamacin ne."

Majo ya dubi babanku. "Baba, a kansa ya yi jinya?"

"A kansa."

"An wanke shi?"

"A'a."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Jiya a kansa na kwana a tasha. Bargon aminina ne, in yar da shi a hanya?"

Majo ya buɗe takardar, ya soke goma sha biyar, ya rubuta ashirin da ɗaya, daga ranar. A nan mararraba aka zuba kananzir aka ƙone bargon da tufafin Laminu, babanku yana tsaye yana kallo. Carbi kaɗai aka jiƙa a ruwan jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka kai wa matarsa, kuma labarin mutuwar a bakin mai gari ta ji, ba a bakin wanda ya yi alkawarin kai mata ba.

Majo ya ce ba ɗauri ba ne, yana iya zama a gida in za a ware masa ɗaki da kwano da buta, kada ya taɓa kowa. Babanku da kansa ya ce a'a, in yana gida Inna ba za ta haƙura ba, a kai shi gona. Aka gyara masa bukkar nan ta gindin aduwa da muke fakewa in rana ta take. Safe da yamma majo yana zuwa a kan moto, wato babur, ya ajiye ma'auni a dutse, babanku ya auna ya jefa a kwanon jabel, majo ya ciro ya duba ya rubuta. Ni kuma ina kai fura da rana, tuwo da yamma, in juye a kwanonsa da yake ajiyewa a bakin kunya, in koma gefe in zauna har ya gama. Kwana uku ban ji komai daga bakinsa ba sai amsa sallama. A gari kuwa mata suna ganina a rijiya sai su dare, haihuwa biyu aka yi ba a aiko mini ba. Wannan bai dame ni ba kamar shirunsa, shirun ne ya hana ni cin abinci.

A rana ta huɗu aka yi ruwan shuka. Na iso da iri a ƙwarya na tarar ya riga ya ɗauki sungumi. Yana gaba yana sara, ina baya da nisa ina zuba iri ina rufewa da ƙafa, kamar yadda muka saba tun ina amarya, sai dai wannan karon da tazara. Ya juya mini baya, kuma a haka ya fara magana. Ya gaya mini yadda Laminu ya yi ta kiran sunan 'yarsa ƙarama, yadda masu gidan da suka sauka suka gudu suka bar su, yadda ya ɗebo ruwa shi kaɗai ya wanke shi yana karanta abin da ya sani. Yana sara yana faɗa, ina zuba iri ina kuka. Da muka kai ƙarshen kunya ya tsaya ya ce, "Kin iya taurin kai, Habsu. Tun ranar da aka kawo ki na gani." Na ce ai wurin Inna na koya. Ya yi 'yar dariya, ita ce ta farko tun da ya sauka.

Inna kuwa ba ta karɓi bayani ba. Na durƙusa na yi mata, mai gari ya yi, liman ya yi. Ta ce ta haifi tara ta binne shida, ta ga ƙyanda ta ga sanƙarau ta ga yunwar da aka ci ganye, ba ta taɓa jin ciwon da ke hana uwa taɓa ɗanta ba. A rana ta goma Dije ta ɗora ta a amalanke ta kawo ta gona, ba wanda ya shawarce ni. Ina juye fura sai na ji kukan jaki. Babanku ya fito daga bukka ya tsaya.

"Inna, sannu da zuwa. Ki zauna nan inda kike, ina jin ki."

Tana jin muryarsa ta zamo daga amalanken, tsohuwar da sai an riƙe ta take zuwa bayan ɗaki. Ta miƙa hannu biyu ta nufo shi tana tuntuɓe a kan shuka. Yana ja da baya yana cewa Inna tsaya, Inna don Allah tsaya, har bayansa ya bugi bukka, ba sauran wurin ja. Dije tana tsaye ba ta motsa ba. Na yar da ƙwaryar na sha gabanta na kama wuyan hannunta biyu. Shekara talatin ina gidan, ban taɓa haɗa ido da ita ba ko lokacin da take gani, ban taɓa zama a tabarmarta ba. Ranar na riƙe ta da ƙarfi har ina jin ƙashinta. Ta fizga sau biyu, ta kasa.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Inna. Ki gafarce ni."

"Sake ni, 'yar nan."

"Ba zan iya ba, Inna. Saura kwana goma sha ɗaya."

Sai jikinta ya saki. Muka zaunar da ita a ƙasa, babanku ya durƙusa daga nesa, suka yi hira ta tsawon shan fura, tana tambayarsa abin da yake ci a can da ko an yi wa Laminu salla. Hannayenta suna kan cinyarta a buɗe. Daga ranar ba ta sake amsa gaisuwata ba, in na kai mata kunu sai ta juya fuska ga bango, sai Dije ta karɓa ta ba ta.

Kwana uku bayan haka ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Majo ya duba ya ce tsufa ne da sanyi, ya ba da magani, amma na karɓi haihuwa na rufe idon mamata da yawa, na san abin da nake gani. Ranar da kwana goma sha biyar suka cika, ranar da babanku zai shigo gida da ban buɗe baki ba, na tare majo a hanyar gona na durƙusa masa, yaron da a haife na haife shi. Na ce ya koma lissafin farko, ya manta da bargo, tsohuwa ba za ta kai ba. Ya kashe moto ya sauko.

"Mama, ni ma ina da uwa a Maraɗi. Amma ke kika nuna mini bargon, kuma gaskiya kika yi. In na sake shi yau, gobe masassara ta taso, Inna ce ta farko, sai matan da za su wanke ta, sai 'ya'yansu. Ba zan iya ba."

Na zage shi a raina har na isa gida, alhali na san maganata ce ya maido mini. Bari in gaya muku tun yanzu don kada ku zauna da zullumi: babanku bai kamu ba, ko ciwon kai bai yi ba. Har yau ba wanda ya san ko Ebola ce ta kashe Laminu ko wani ciwon ne, ba a auna shi ba. Zuwa likita da na yi ban taɓa nadamarsa ba, in yau aka maido ni zan sake zuwa. Kwana shidan nan su ne nake ɗauke da su. Wani lokaci in ce daidai na yi, wani lokaci in ce da na cije leɓen nan da kyau, da Inna ta samu kwana uku da ɗanta. Babanku bai taɓa goranta mini ba, ko a cikin faɗa, kuma bai taɓa gaya wa Dije maganar bargon ba. Ya rufa mini asiri har ya shiga kabari.

A rana ta goma sha bakwai da hantsi Inna ta ce a kira mata matar Auta, kowa ya fita. Na shiga na rakuɓe a bakin ƙofa. Ta ce in matso. Na matso. Ta ce in ƙara matsowa, har gwiwata ta taɓa tabarmar. Sai ta ɗaga hannu ta lalubo fuskata. Ta bi goshina, ta bi idanuna da suka jiƙe, ta bi kumatu har haɓa, a hankali, tana hutawa. Ta jawo kaina ta yi tofi, numfashinta da ƙyar yake fita.

"Hannunki da ƙarfi, 'yar nan. Har yanzu ina jin wurin."

"Ki yafe mini, Inna."

"Na yafe. Da ni ce ma, ko da wa zan yi faɗa, ba zan bari a taɓa mini jikoki ba. Wannan da na yi miki ba naki ba ne, saƙo ne. In likitanku ya sake shi, ki kai masa yadda na ba ki, kada ki rage komai. Ki kuma duba mini kumatunsa da kyau. Muryarsa ta yi mini kamar ya rame."

Washegari bayan azahar ta cika. Babanku bai ɗauki makara ba, bai shiga sahu ba, ba shi ya sa ta a kabari ba. Ya hau tudun da ke kallon maƙabarta ya tsaya shi kaɗai, in liman ya yi kabbara shi ma ya yi. Da aka gama mutane suka juyo gare shi suka ɗaga hannu daga nesa, ya ɗaga musu, ya koma bukka.

A rana ta ashirin da ɗaya da safe majo ya duba ma'auni, ya rubuta, ya cire safar roba ya miƙa wa babanku hannu tsirara. Mai gari da liman da mazan gari suka biyo baya, kowa ya ba shi hannu ya yi masa gaisuwar uwa da ta amini. Na tsaya gefe na jira har suka yi gaba. Ya shiga bukka yana naɗe tabarma, na bi shi. Ku da kuka tashi a zamanin waya ba za ku gane ba, amma ni tunda nake ban taɓa kai hannu fuskar babanku da rana tsaka ba.

"Malam, ka durƙusa. Inna ta ba ni saƙo."

Ya dube ni, ya ajiye tabarmar, ya durƙusa. Na kama kansa da hannu biyu. Na bi goshinsa, na bi idanunsa, na bi kumatu har gemu, na huta a inda ta huta. Na yi masa tofi a ka. Hawayensa kawai ke bin yatsuna har gwiwar hannu, mutumin da ko a kan tudu bai yi kuka ba. Na koma kan kumatun na sake dubawa da kyau kamar yadda ta ce.

Ya rame ƙwarai, ƙashi ne kawai a ƙarƙashin gemun. Na miƙe da niyyar in je in gaya mata, har na kai bakin bukka sannan na tuna babu ita.